Zuwaira Mai Ƙuli da Ragar da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Duk wanda ya san gidan Malam Lado a Daura shekarun baya, da hanci ya san shi. Tun daga bakin lungu ƙamshin soyayyar gyaɗa ke tarar mutum. Yanzu in ka shiga, igiyar shanya ce za ta fara tare ka, an ja ta daga ɗakin girki zuwa gindin darbejiya, tsummoki jere a kanta. Yau na ƙirga su, goma sha huɗu, na yini guda ke nan. Matar da ke wanke su yayata ce, Zuwaira, wadda gari ya sani da Zuwaira Mai Ƙuli. Fitsari ke zubo mata ba tsayawa, saboda wani abu da aka sa mata a jiki a ɗakin tiyata ba da saninta ba. In ba a cire shi duka ba, ba ta da ranar warkewa. Waɗanda suka sa shi kuwa sun daɗe suna cewa ba su ma san zancen ba.

A Baure aka haife mu. Mahaifiyarmu ta rasu ina goye, sai ƙanwar babanmu, Gwaggo Murjanatu, ta riƙe mu. Gwaggo ungozoma ce, rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibi. Ita ta karɓi haihuwar Zuwaira, ita ta karɓi tawa. Tana da wata ƙa'ida da ba ta taɓa karyawa ba: duk abin da ya fito daga jikin mace, mabiyiya ce ko ɓari, ita za ta wanke shi, ta naɗe a farin ƙyalle, ta binne da hannunta, kuma ba ta faɗa wa kowa wurin. Ta ce mutum mutum ne ko da guntunsa ne, ba a barin shi ga karnuka, ba a kuma barin shi ga masu mugun nufi.

Zuwaira ba ta gaji ungozomanci ba, gyaɗa ta kama. Tun tana budurwa ta iya duka matakan: ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta kai inji, ta dawo ta tsaya kan turmi tana tuƙi da ruwan zafi har mai ya taso. Sai ta matse tunkuza, ta murza ƙuli, ta soya. Da ta auri Malam Lado, mai sayar da hatsi a kasuwar Daura, da turminta aka kawo ta. Haihuwa bakwai ta yi, shida na raye, kuma ban taɓa ganin ta cika kwanakin wankan jego ba tare da ta leƙa kaskon suya ba. Mace ce mai dariya da ƙarfi, mai tsokanar masu saye. In ka ce ƙulinta ya yi tauri sai ta ce, "Haƙoranka ne suka yi ritaya, Alhaji, kada ka ɗora wa ƙulina."

Ni ce mai kai kaya. Galan huɗu na mai duk mako nake ɗauka zuwa Kongolam da ke bakin iyaka, in sayar wa 'yan tsallake, in dawo. Ita ke da ƙarfi, ni ke da baki da ƙirga. Da wannan turmin aka yi wa 'ya'yanta mata biyu kayan ɗaki, da shi aka rufa ɗakin Gwaggo da kwano.

Bayan haihuwar auta ne abu ya sauko mata. Mahaifa ce ta zazzago, amma ba haka ta faɗa ba, don ba ta faɗa wa kowa ba sai Gwaggo. Aka yi ta zama cikin ruwan bagaruwa, aka yi ta ɗaure ciki da zane. Ta ci gaba da tuƙi, ta ci gaba da kinkimar buhu, har ranar da ta kasa miƙewa daga tsugune. Malam Lado ya sayar da bijiminsa na noma, muka kai ta wani asibitin kuɗi a wani babban gari. Ba zan faɗi sunansa ba, lauya ta hana.

Ina cikin ɗakin lokacin da likitan ya yi bayani. Malam Lado likitan ya kalla, ba ita ba.

"Malam, ƙaramin aiki ne. Za mu ɗaga ta mu ɗaure, shi ke nan. Ba za ta sake jin komai ba."

Zuwaira na zaune ta ja mayafi har goshi, idonta a ƙasa. Aka miƙo wata takarda da Turanci, aka nuna wa mijin inda zai sa hannu, ya sa. Kalmar raga ba ta fito daga bakin kowa ba. Ba a ce za a bar wani abu a cikinta ba, balle a ce ga abin da yake iya jawowa.

Daminar farko lafiya lau. Ta koma turminta, har ƙiba ta yi. Da aka yi kaka sai na lura in za ta zauna sai ta karkace, ta ɗora nauyinta a cinya guda.

"Yaya, mene ne?"

"Raihana, kamar an manta ƙaya a cikina. In na yi tafiya tana sukata, in na zauna tana sukata."

Sai jini, sai wani ruwa mai wari. Sau uku muka koma asibitin. Sau ukun amsa ɗaya: sanyi ne, ga ƙwayoyi, a rage aiki. A zuwa na ukun ma likitan bai duba ta ba, daga bakin ƙofa ya rubuta magani. Bayan nan ne fitsari ya ɓalle.

Mai sayar da abinci ba ta da abokin gaba kamar wari. Wata maƙwabciya da ta shekara goma tana sayen mai a hannunta ta shigo da kwalba, ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce ta manta kuɗi a gida. Ba ta dawo ba. Galan huɗu ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya. A Kongolam wani da nake kai wa ya ce mini, "Hajiya, man ba laifi, amma mun ji labari." Na ɗauko galan ɗina na dawo da shi yadda na kai shi. Zuwaira ta kife turmin a bayan ɗaki. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, ta daina Islamiyya. Abin da ya fi cin ranta salla ce. Malamin unguwa ya aiko mata cewa ita mai uzuri ce, ta yi alwala ta yi sallarta ko yana zuba, amma sai in same ta a kan darduma tana kuka, wai da wane ido za ta tsaya gaban Ubangiji a jiƙe. Malam Lado bai sake ta ba, bai ko yi mata gori ba. Shiru kawai ya koma yi, ya mai da shimfiɗarsa zaure.

Wata nas 'yar unguwarmu ce ta ce mu gwada asibitin gwamnati, akwai wani likitan mata, Dakta Sada. Shi ne mutum na farko da ya kalli Zuwaira ya yi mata magana ita kanta.

"Baiwar Allah, kin san akwai raga a jikinki?"

"Raga kuma? Irin ta kamun kifi?"

"Kusan haka, ta roba. Da ita aka tallafe mahaifar. Ta ci naman da ke kusa da ita, ta huda mafitsara. Ba a gaya miki ba?"

Ta juyo ta kalle ni, na kalli Malam Lado, shi kuma ya kalli takalminsa.

Dakta Sada ya shiga da ita tiyata, ya ciro abin da hannunsa ya kai. Da ya fito ya gaya mana gaskiya: ya ciro wajen rabi, sauran ya manne a wurin da ba zai taɓa ba, sai ƙwararre a babban asibiti, aiki ne mai tsada ƙwarai. Ya kuma ce ragar ta ba shi mamaki, tana kama da wadda ake sa wa masu ƙaba a bangon ciki, ba ta wannan wurin ba, amma ba zai rantse ba sai an gwada. Kanmu ya yi zafi a lokacin, wannan maganar ta wuce ta saman kunnenmu. Nas ta fito da abin a wata 'yar roba, jajir, nama duk ya naɗe shi. Malam Lado ya roƙa a ba shi, ya ce jikin iyalinsa ne, ba zai bari a jefa a shara ba. Aka ba shi. Ya miƙa wa Gwaggo, wadda ta zo jinya. Gwaggo ta sa a ƙullin zanenta, ta tafi da shi Baure. Kowa ya ga an yi daidai.

Zafin ya ragu kaɗan, yoyon bai tsaya ba. Kuɗin babban aikin kuwa ko an sayar da mu ba za mu kai ba. Na zagaya masu hali biyar a garin nan, biyu suka ba da abin da ba zai wuce kuɗin mota ba, uku suka yi mana addu'a.

A rediyo na ji wata lauya tana bayanin haƙƙin majinyaci, ta ce akwai ofishinsu da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Washegari ina bakin ofishin kafin a buɗe. Barista Khairat sunanta, 'yar siririya, mai saurin magana. Ta saurare ni har na gama.

"Wa ya sa hannu a takardar aikin?"

"Mijinta."

"Ita tana cikin hayyacinta?"

"Garau take."

"To ai ba cikin mijinta za a yanka ba. Babbar mace mai hankali, ita za a yi wa bayani da harshen da take ji: ga abin da za mu sa miki, ga haɗarinsa, ga wata hanyar in ba ki so. Ita za ta ce e ko a'a. Tana da haƙƙin a ba ta bayanan jinyarta. Tana iya kai ƙorafi hukumar da ke kula da aikin likitoci, tana iya zuwa kotu ta nemi diyya. Ko a shari'ar Musulunci, likitan da ya yi sakaci akwai lamuni a kansa. Amma ki ji da kyau, doka ta sa wa'adi. In ya wuce, ko alƙali na kuka saboda tausayinku ba zai saurare ku ba. Naku ya kusa."

Ta rubuta wa asibitin. Amsarsu ta zo gajera: ɗinki kawai suka yi, ba su sa mata komai ba, fayil ɗinta kuma ruwan sama ya lalata shi. Barista ta kira ni ofishinta.

"Sun musa. Dakta Sada zai ce ya ciro raga, su kuma za su kawo nasu likitan ya ce tsohon zaren ɗinki ya gani. Abin da zai raba gardama shi ne abin kansa. A gwada shi, a san ko wace iri ce. Yana ina?"

"Mun binne."

"Kun me?"

"Gwaggonmu ta binne. Ai jikin mutum ne."

Ta cire tabarau, ta dafe kai da hannu biyu. Can ta ce, "Inna lillahi. Shaidar tamu guda ɗaya tak, kun yi mata jana'iza."

Na kama hanyar Baure a ranar. Gwaggo na tsinke zogale ta saurare ni, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke uwar lissafi, tun da kike kin taɓa jin an tone abin da aka binne?"

"Gwaggo, ba gawa ba ce."

"Guntun 'yata ne. Na wanke, na yi bisimilla, na rufe. Ki je ki gaya wa mai baƙar rigar taku ƙasa ta cinye."

"To nuna mini wurin kawai, ni zan tona, zunubin a kaina."

"Kanki nawa ne? Shekara hamsin ina binnewa, ko uwar ɗa ban taɓa nuna wa ba. Sai ke, don kin iya hawa mota?"

Sau biyu na sake komawa, na kai mata goro, na kai mata turare. Ta karɓi goron, ta ce in gai da mutanen Daura. Na zagaya gidan da ido, ko zan ga inda ƙasa ta canza. Gida mai rumbu uku da garke da bayan ɗakuna, ta ina zan fara?

A Daura ma ba sauƙi. Malam Lado ya ce a bar wa Allah.

"Raihana, kin san kotu kuwa? A tsaya gaban maza a riƙa kwance wa yayarki zane da baki? Gobe a ji a kasuwa?"

"Yaya Lado, kasuwa ta riga ta ji. Da hanci ma ta ji."

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na sa hannun nan. In aka tambaye ni me na sa wa hannu, me zan ce?"

Zuwaira na ɗaki tana jin mu. Watanni ke nan ba ta taka ƙofar gida ba in ba asibiti ba. Sai ga ta ta fito riƙe da bango.

"Malam, ka ce ba ka sani ba, ai gaskiya ce. Raihana, nemo mana mota. Ni zan je wurin Gwaggo."

Na kira Barista, ta ce in dai za a tona to lallai tana wurin, a ɗauka a waya, don kada a ce daga baya mun ƙirƙira. Muka haɗu a tasha. Kujera biyu na kama wa Zuwaira ita kaɗai, na shimfiɗa leda, na ɗora zane uku. Duk da haka kafin mu yi nisa wani fasinja ya sauke gilashi, ya tambayi direba ko akwai akuya a but ɗin motar. Zuwaira ta ja mayafi ta rufe fuska. Duk ramin da motar ta faɗa ina jin yadda take damƙe hannuna.

Gwaggo ta ga wadda ta sauko, ta miƙe tsaye.

"Zuwai! Wa ya fito da ke a haka?"

Zuwaira ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta durƙusa a tsakar gida, a ƙasa, zanenta ya riga ya jiƙe har ƙafa.

"Gwaggo, dube ni. Ke kika fara ganina a duniya, dube ni yanzu. 'Ya'yana ba sa cin abin da na taɓa. Ba don sun ƙi ni ba, ni nake hana su. Ina so in yi salla ɗaya a bushe kafin in mutu, ɗaya tak."

"Allah zai kawo sauƙi, 'yar nan. Amma abin da aka rufe..."

"Abin da kika rufe ba nawa ba ne. Ke kika wanke ni ranar da aka haife ni, kin gan ni da raga? Ki tona. In jikina ne, ƙasa ta cinye kamar yadda kika ce, ba abin da za mu gani, sai mu mai da ƙasa mu roƙi gafara, ba zan sake tayar da maganar ba. In kuwa ba nawa ba ne, to baƙo kika kwantar a makwancin mutane."

Gwaggo ta dubi zanen da ya jiƙe. Ta kalli Barista daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai baƙar rigar?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ba namijin da zai shigo. Kuma ba mai taɓa fartanya sai ni."

Ta sa aka rufe ƙofar gida. Ta wuce da mu bayan tsohon rumbu, inda wani fasasshen dutsen niƙa ke kife. Sau nawa na wuce dutsen nan ina neman wurin! Ta ture shi, ta tsuguna.

"Nan na sa mabiyiyarki ranar da kika zo, Zuwai," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Na ce bari in haɗa ki wuri guda."

Ta yi bisimilla ta fara sara. Ina riƙe da waya ina ɗauka. Ƙasar ta yi tauri, tsohuwa ce, sai ta sara ta huta. Ta kai zurfin kamu ɗaya, ba komai. Ta ƙara, ba komai. Na ji Zuwaira a bayana tana maimaita sunan Allah. Ni kuwa lissafi nake yi: in babu, shi ke nan, ba kotu, ba aiki, sai igiyar shanya har ƙarshen rai.

Sai Gwaggo ta ajiye fartanya ta sa yatsu. Farin ƙyallen gara ta gama da shi, sai wasu zarurruka. Naman babu ko alama. Ta ciro wani abu da bai kai tafin hannu ba, ta kaɗe ƙasar, ta zuba masa ruwan buta. Ga shi nan, saƙa-saƙa, fari da layin shuɗi, gefensa a karkace kamar an yanka da almakashin tela. Sabo fil, kamar yau aka fito da shi daga leda.

Gwaggo ta ja shi da hannu biyu. Bai tsinke ba. Ta ƙara ƙarfi har jijiyar wuyanta ta tashi. Ta goga gefensa a bayan hannunta, ya kankare ta.

"Gara ta ci ƙyalle," ta ce. "Ƙasa ta ci nama. Wannan sun ƙi shi." Ta juya wurin Zuwaira. "Irin wannan ne a cikinki yanzu?"

"Sauran rabin, Gwaggo."

Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi kuka ba, ko ranar da babanmu ya rasu. Ta zauna daɓas a bakin ramin, tana cewa, "Ina ta ba ki bagaruwa. Ina ta ba ki bagaruwa."

Barista ta sa abin a kwalba mai tsabta, ta liƙe bakin. Ba ta ɓoye mana komai ba.

"Kada ku yi murna tukuna. Ya kwana a ƙasa, ba a asibiti ba. Lauyansu zai ce soson wanka kuka yanko a kasuwa."

"Soso?" Gwaggo ta share ido da gefen zane. "A kai ni gaban alƙalin. Daga hannun mijinta ya shiga hannuna, daga hannuna ya shiga ramin nan, ba wanda ya san wurin sai ni da Allah. In dafa Alƙur'ani in faɗa. Yaron da zai ce mini soso ya zo ya faɗa a gabana, in ga ko wace ce ta yanke masa cibi."

Aka kai ragar gwaji. Abin da Dakta Sada ya zata shi ne: ta masu ƙaba ce, aka yanka aka sa inda ba a yi ta dominsa ba. Barista ta shigar da ƙara wa'adi na gab da cika. Ba a ko fara zama ba sai ga dattawa biyu a zauren Malam Lado, wai mai asibitin na neman sulhu. Zai biya kuɗin babban aikin da magani. Sharaɗi, a janye ƙarar, kada a ambaci sunansa ko'ina, kuma ba zai ce ya yi laifi ba.

Barista ta zo har ɗakin Zuwaira ta zauna a bakin tabarma.

"Yaya Zuwaira, in muka ci gaba kina iya samun fiye da haka nesa ba kusa ba. Sana'arki da ta mutu, wahalar da kika sha, duk kotu na iya sa a biya. Kuma a faɗa a fili cewa an cuce ki. Amma ana iya faɗuwa, kuma za a daɗe."

"Shekara nawa?"

"Ban sani ba."

Zuwaira ta kalli igiyar ta ƙofa.

"Ni kuwa na san nawa nake wankewa kullum. Barista, ki yafe mini. Ba zan iya jira ba."

A wannan karon ita aka karanta wa takardar, da Hausa, layi bayan layi, ita ta dangwala yatsa. Barista ta tsaya kai da fata a kan abu biyu: kwalbar ragar za ta zauna a ofishinta har sai an gama aikin, kuma ƙorafin da ta riga ta kai gaban hukumar likitoci ba ya cikin sulhun. Yana can, har yau ba mu ji komai ba. Ranar da na je asibitin karɓo shaidar biyan kuɗin, na bi ta gaban ɗakin ganin likita. Mata tara ne a kan benci, kowace ta ja mayafi har goshi, mazansu na tsaye riƙe da takardu. Na tsaya kamar in yi magana. Na tuna abin da yayata ta dangwala wa yatsa, na wuce.

An ba mu ranar babban aikin bayan Salla. Ƙwararren ya duba ta, ya yi mata bayani ita kanta, har da zane a takarda. Ya ce zai yi ƙoƙarin ciro sauran, ya ɗinke mafitsarar, amma ragar ta daɗe, ba zai yi alkawarin yoyon zai tsaya duka ba. Zuwaira ta ce ta ji, a yi. Turmin na nan a kife a bayan ɗaki. Na ce a sayar, ta ce kada wanda ya taɓa.

Gwaggo ta riga ta iso Daura da ƙullin kayanta, wai ba za a shiga da 'yarta ɗakin yanka tana Baure ba. Jiya na taya ta kwance ƙullin. Akwai farin ƙyalle sabo, a ninke. A gefensa kuma kwalba ce wankakkiya, mai murfi.

"Gwaggo, wannan fa?"

"In sun ciro, a kawo mini in duba da idona," ta ce. "Abin da yake nama nawa ne. Abin da yake roba ki kai wa mai baƙar riga."